Kurwar Furera

Ranar Asabar ɗin da ƙanwata ta kai ni zance Tasawa, ina da shekara sittin da uku, ranar na san abin da na yi wa matata.

Sababbin shiga wannan zaure, sunana Manzo, amma ba wanda ya ƙara kirana haka a Mayahi tun da na fara riƙe alli. Mushe suke ce mini. A bakin Faransawa malamin lakwal, wato makarantar boko, ke nan. A bakinmu kuwa kun san abin da ake kira mushe, kuma tun da Furera ta rasu, wata goma sha huɗu yanzu, ma'ana ta biyun ta fi kama da ni. Shekara talatin da biyar na koyar da faransanci a kolej. Na yi retret, na ajiye aiki, da akwati uku na littattafai da gwangwani guda cike da jan bik, biron gyaran takardun ɗalibai. 'Yan matan da ke rubutu a nan suna ba ku labarin samari masu mota. Ni nawa labarin na wani maɓalli ne da babban yatsa ke rufewa. Wanda ya gaji ya wuce.

Tun bayan sadakar arba'in ƙanwata Fatima ta sa ni gaba. Ba ta rubutu, bokal take aikowa, saƙon murya, kowace safiya kamar maganin likita.

"Yaya, namiji ba shi takaba."

"Yaya, jiya na shiga gidanka, tukunya guda na gani, ita ma da gizo-gizo."

"Yaya, na san kana ji, alamar ta yi shuɗi."

Ina ji, ba na amsawa. Sai ranar da ta ce akwai wata Kubra a Tasawa, mijinta ya rasu shekara huɗu, ba ta da hayaniya, kuma tana da sana'a. A karon farko na buga mata amsa: wace sana'a?

"Gyaran salula! A cikin gida take yi. Mijinta ya koya mata. Mata ke kai mata, waɗanda ba su son maza su buɗe masu hotuna."

Na ce za ni. Fatima ta yi guɗa a cikin bokal, har sau biyu. Ba ta san a cikin ɗakin Furera akwai wani abu da ya ƙi kamawa ba, wanda ba na so in miƙa wa masu gyara na bakin kasuwa su yi ta dariya.

Sai na koma da ku baya.

Shekara biyu da suka wuce, da hantsi, Furera tana tankaɗe a tsakar gida, rariya ta suɓuce daga hannunta na hagu. Ta duƙa ta ɗauka, hannun ya ƙi. Hawan jini ne. Mun yi sati uku a gidan likita a Maraɗi. Ƙafa ta dawo. Baki ya dawo, har da ƙari. Hannun ne ya tsaya baya, yatsun a lanƙwashe kamar mai ɓoye goro. Likita ya ce a motsa su kullum, a tsinci wake, a matsa ƙwallo. Ta yi kwana huɗu tana tsintar wake, ta ture kwanon ta ce ita ba kaza ba ce.

'Yarmu Sumaiya, ita kaɗai Allah ya bar mana, tana aure a Maraɗi, lokacin tana da ƙaramin ciki. Ita ta aiko da na'urar wasa a hannun wani direba. Ba ta fi sabulun wanki girma ba: gilashi a sama, a dama maɓallai biyu masu zagaye, a hagu kuma maɓalli guda mai kai huɗu kamar mararraba. Sumaiya ta kira tana yi wa uwar bayani.

"Inna, wannan na hagun, la croix, shi za ki riƙa dannawa da babban yatsa."

"La mi?"

"Croix."

"Kurwa?"

Na karɓi salula na gyara. Na jera mata haruffan ɗaya ɗaya, na gaya mata na ƙarshen ba a faɗinsa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, kurwa dai." Daga ranar ba a ƙara kiran maɓallin da wani suna a gidana ba.

Wasan da ta zaɓa na wani ɗan mutum ne da jaka a baya, yana gudu bisa katanga, yana tsallake ramuka. Ta sa masa Sanda, sunan kawunta na Korgom wanda bai taɓa kwana biyu a gari ɗaya ba. Kullum bayan ta gama abin safe sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, ta jingina da ginshiƙi, fuskarta arewa. Furera ba ta san dama da hagu ba, ba don jahilci ba, don a Korgom ko ƙuda ne ya sauka maka a fuska, cewa za a yi yana kumatunka na yamma. To a wajenta Sanda gabas yake gudu. In ta danna kan kurwa na kudu, durƙusawa yake yi.

Ku fahimci wannan, don duk labarin a kansa ya rataya. In rami ƙarami ne, ko a tsaye kana tsallakewa. In babba ne, dole ka riƙe gabas, Sanda ya ɗauko gudu, sai ya kai daidai leɓen ramin ka danna na dama ya tashi. In kudu ta shiga ko da ƙiftawar ido, ya durƙusa, gudun ya mutu, tsallen ya gajarta, ya faɗa.

Cikin wata uku ta kai mataki na goma sha bakwai. Yatsun suka fara miƙewa, ta koma ɗaure kallabi da kanta. A na sha bakwai ne akwai ramin. Mai faɗi, ruwa baƙi a ƙasa.

"Ina ce mashi gabas," in ji ta, "shi ko sai ya yi mani ruku'u a bakin rami. Wanga wane irin mai ibada ne?"

Ni kuma ina tsaye bayanta, hannuna a baya, kamar mai tsaron jarrabawa. Shi kaɗai na iya. In ya faɗa in ce, "Yatsanki ya zame." In ya sake faɗawa in ce, "Kin ga? Kudu kika taɓa."

Wata safiya, bayan sati biyu a ramin nan, ta ɗago na'urar sama da kanta ba tare da ta waiwayo ba.

"Mushe, riƙe ka ji. Kurwar ce ke kwanciya."

"Ban yi wasan yara ba lokacin da haƙorana ke cike, ba yanzu za ni farawa ba."

"Ba wasa na ce ka yi ba. Taɓa kawai."

"Furera, masu ilimi sunka zauna sunka ƙera wanga abu. Na'ura ba ta ƙarya. Hannunki ne."

Ta sauke hannun a hankali.

Kada ku ce mugunta ce. Da mugunta ce da na fi samun sauƙi. Na yi imani ne, kamar yadda na yi imani shekara talatin da biyar, cewa ɗalibi ba ya gyaruwa sai an nuna masa kurensa da jan bik. Na karanta a littattafai da yawa cewa gaskiya magani ce. Ba wanda ya rubuta cewa mai ba da maganin ya fara duba kwalbar.

Sumaiya ta haihu, mace. A al'ada gidanmu ya kamata ta zo wanka. Furera ta aika cewa uwar mijin ta riƙe ta, ita ba ta da hannun ɗaga tukunyar ruwan zafi. Ranar suna muka tafi Maraɗi. Ta sa shadda shuɗiya da mayafi fari, ta sa aka yi mata lalle a hannu biyu, na hagun har ya fi kama. Aka raɗa wa yarinya Furera, ana kiranta Amani. Da aka kawo ta cikin zane, ɗaki cike da mata, ana cewa ga takwararki, sai na hango daga bakin ƙofa ta mayar da hannun hagu ƙarƙashin mayafi. Da na dama ta shafa tafin ƙafar jinjirar.

"Ku bari ta yi ƙwari tukuna," ta ce, tana murmushi.

A mota muna komowa na tambaye ta dalili. Tana kallon gonaki ta taga ta ba ni amsa.

"Hannun da ya kasa tsallakar da Sanda, shi za a ba ɗiyar mutane? In na tsallake ramin, sai a kawo mani ita."

Na ce wannan tunani ne mai ma'ana. Haka na ce, wallahi. Na ga ta kafa wa kanta jarrabawa, ni kuwa ban taɓa ƙin jarrabawa ba.

Sati bakwai ta ƙara a bakin ramin. Wata rana ta naɗe na'urar a cikin kallabinta mai ruwan goro, ta ɗora bisa taga, ba ta ƙara saukewa ba. Bayan kwana tara, ranar Alhamis da safe, abin ya dawo mata. Kafin azahar an gama. Amani ba ta taɓa hawa hannunta ba.

To, mu koma Asabar.

Fatima ta zo tun da wuri, cikin leshi mai ruwan hoda, turare yana gaba tana baya. Ta dubi rigar da na sa ta ce in koma in sake, ba gaisuwar mutuwa za mu ba. Na sa babbar riga ruwan toka, wadda Furera ta kai ɗinki sallar da ta gabaci ciwon. Ƙullin kallabin na zura a aljihu. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, motar kuma ta tsaya a kowane ƙauye kamar mai rabon goro. Fatima ta yi mini darasi tun daga tasha: kada in gyara wa mutane magana, kada in kawo zancen littafi, in aka ba ni fura in sha.

Gidan Kubra ƙarami ne, da icen bedi a ƙofa. A zaure ta sa tebur, bisa teburin fitila, faranti cike da ƙananan ƙusoshi, da turnabis na kwance ƙusa jere kamar allurai. Mace ce gajera, za ta yi arba'in da bakwai, atamfa koriya, hijabi baƙi, tabarau a ƙarshen hanci. Aka gaisa, aka kawo fura, na sha. Fatima ta miƙe ta ce bari ta gaida mutanen cikin gida, ta yi mini wani kallo ta shige.

"Mushe, ba ka gane ni ba," in ji Kubra.

Na ce ban gane ba.

"Kolej ɗin nan na Tasawa, shekarar da anka kawo ka. Ka ba ni sifiri a dikte sau uku. Injin niƙa ke bayan tagar da nake zama, ba ni jin rabin abin da kake hwaɗi mu rubuta. Na gaya maka, ka ce injin bai hana sauran ji ba."

"Haka na ce?"

"Har ka rubuta da ja a gefe."

Ta faɗa ba tare da fushi ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa hannu a aljihu na ciro ƙullin.

"Ashe ba ni ka zo gani ba," ta ce, ta miƙo hannu.

Matsalar sharji ce, tsatsa ta kama bakin. Ta goge da wani ɗan buroshi, ta jona da kuran, wutar lantarki, muka zauna muna kallon bango. Can sai gilashin ya yi haske, kiɗan ya tashi. Wata goma sha huɗu ban ji shi ba. Ga Sanda tsaye da jakarsa, ga lamba sha bakwai a kusurwa.

"Kar ki taɓa wanga ramin," na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma mataki na biyu don ta gwada. Sanda ya ɗauko gudu, ya kusa wani ɗan rami, ya durƙusa, ya faɗa. Ta ce, "Af." Ta sake, ya tsallake. Ta sake, ya durƙusa. Sai ta ajiye na'urar bisa tebur, ta ɗauki turnabis, ta sa gindinsa daidai tsakiyar kan gabas, ta danna. Ba yatsa, ba hannu mai ciwo. Sanda ya yi taku uku, ya yi ruku'u.

"La croix ɗin ce," ta ce.

"A gidana kurwa ake ce mata."

Ba ta yi dariya ba. "To, kurwar ce ba ta da lahiya."

Ta kwance ƙusa huɗu, ta buɗe bayan, ta ciro maɓallin ta kifa shi a tafin hannunta. Ta nuna mini wani ɗan tsini a tsakiyarsa.

"Ka ga cibiyar? A kanta yake tsayawa, kamar sikeli. In gefe guda ya sauka, sauran su tashi. Wagga gajera ce, ba ta kai ƙasa ba. In ka danna gabas da ƙarhi, duka abin ke nutsewa, kudu ta taɓa ita ma. A wasan da ake yawo cikin hili ba ka ganewa, ko ka karkace kaɗan ba komi. Amma wasan tsalle ba shi son gabas-maso-kudu. Gabas kawai yake so."

"Lalacewa ta yi? Da yawan dannawa?"

"Haka anka ƙera ta. Tun daga kwali."

"Amma mai lafiyayyen hannu..."

"Ga nawa nan, da shi nake ci. Ka gani da idonka." Ta ɗaga maɓallin wajen haske tana juya shi. "Ni dai mamaki nake. Wa ya kai sha bakwai da wagga kurwa? Ni ko na biyar ba ni kaiwa."

"Matata."

"Lallai tana da hannu. Sai ka danna da ƙarhi daidai gwargwado, can gefen sama, kada ya nutse. Wanga aikin gwani ne."

"Hannun hagun nata ya shanye," na ce. "Shi ya sa anka aiko mata da abin."

Kubra ta cire tabarau ta ajiye. A cikin gida ina jin dariyar Fatima.

"Hannun da ya shanye ba shi kai sha bakwai, Mushe. Wanga hannu ya warke." Ta dube ni. "Ba ta taɓa cewa maɓallin ne ba?"

Na san amsoshin tambayoyi da yawa. Na san jam'in kalmomin da Faransawa da kansu ke mantawa. Na zauna ina kallon farantin ƙusoshi.

Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauko leda mai mannewa, ta yanka da almakashi ƙanana uku, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba, ta jera su ƙarƙashin cibiyar, ta rufe, ta ɗaure. Na duba agogo, don hali ba ya barin mai shi. Minti biyar.

Fatima ta fito tana gyara mayafi, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. "Na ji shiru, na ce hira ta yi nisa!"

Kubra ta naɗe na'urar a kallabin yadda ta same ta, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta rako mu har gindin bedi. Da Fatima ta yi gaba, ta rage murya.

"In don na'ura ka zo, an gyara. In don ni ne, ka tahi ka gama da maganar da ta maƙale maka a wuya tukuna. Ni ba ni zama gidan da mai gida ke tauna abin da bai haɗiye ba."

Da la'asar na isa gida. Na yi salla, na shiga ɗakinta na ɗauko tabarmar, na kakkaɓe. Na shimfiɗa ƙarƙashin rumfa, na jingina da ginshiƙin, fuskata arewa. Wurin da kanta ke taɓawa har yanzu ya fi sauran icen santsi. Na kwance kallabin. A karon farko na ɗora yatsana a kan kurwa. Kan gabas ya goge, ya yi sheƙi, can gefen sama, daidai inda Kubra ta ce.

Na fara da mataki na biyu. Ni da ban taɓa yi ba, da yatsan da bai san komai ba sai alli, na tsallake. Sau goma na gwada. Na faɗa sau shida don na makara ko na yi garaje, amma ko sau ɗaya Sanda bai yi ruku'u ba.

Salula ta yi ƙara. Bokal ɗin Fatima: "Yaya, mi za a ce masu? Kar ka sa in ji kunya." Ban gama ji ba wani saƙon ya shigo, na Sumaiya. Hoto ne mai motsi: Amani da 'yar riga ja, tana gudu a tsakar gida da ludayi a hannu, ta faɗi, ta tashi. A ƙasa ta rubuta: "Baba, Gwaggo ta ce ka kai abin Inna gyara. Mi ya same shi?"

Na rubuta: tsatsa ce. Na goge. Na rubuta: gobe za ni kira ki. Shi ma na goge. Ita ta sayi abin, da cikinta, ta zaɓo da kanta. Ban san yadda ake gaya wa 'ya irin wannan ba tare da an ɗora mata rabi ba, kuma ba ta da ko kwata a ciki. Na kifa salular bisa tabarma.

Na shiga na sha bakwai. Na riƙe gabas. Sanda ya ɗauko gudu, jakarsa tana rawa, miƙe tsaf, ga leɓen ramin yana zuwa, ga baƙin ruwa. Na san in na danna yanzu zai wuce. Na ɗage yatsana.

Ba tsallena ba ne.

Yana nan tsaye har yanzu da nake rubuta muku, a bakin rami, fuskarsa gabas, kiɗan yana ta zagayowa. Awakin maƙwabta sun shigo sun fita, ban kore su ba. Na gyara jimlolin mutane dubu a rayuwata. Wannan kalma biyar ce, ba kure ko ɗaya a cikinta, kuma wadda ta miƙo mini na'urar sama da kanta ta ce in taɓa kawai ba ta nan.

Furera, ba hannunki ba ne.